Yadda Ake Ƙirƙirar Barkwancin Fizik da Kalma Mai Harshen Damo

Da farko a nemo kalmar da ke ɗauke da ma'ana biyu, ɗaya ta aji, ɗaya ta zaman duniya. A ganina babu wadda ta kai "nauyi" daɗin sarrafawa, domin ita ce ta buhun gyada a babbar kasuwar Maradi, kuma ita ce ta kunyar da mutum ke ji gaban surukinsa.

Daga nan sai a jingina ta da gaskiyar kimiyya wadda ba ta da gyara. Jan da wata ke yi wa abu kusan kashi ɗaya ne cikin shida na jan ƙasa, saboda haka buhun da ya gagari ɗan dako a nan, can yaro ma zai ciccibe shi. To, sai a tambayi 'yan fada lokacin shan shayi: wanda ya kai surukinsa wata, nauyinsa nawa zai ji?

A faɗe shi fuska ba dariya, kuma kada a yi bayani. Sai dai magidanci ya yi hattara da cewa "wata nake tunani" a gaban uwargida, domin tambayar da za ta biyo baya ita ce, "Wace ce?"