Yadda za ka gane halin wurin aiki kafin ka sa hannu

Aikin lissafin kuɗi ya kai ni wurare daban-daban a Kano, daga shagon atamfa a Kantin Kwari zuwa banki, daga nan zuwa wata masana'anta a Sharaɗa. Duk ƙanen da ya zo min da murnar an kira shi intabiyu, nakan ce masa kada albashi ya rufe masa ido. Kowane wurin aiki da halinsa, kamar yadda kowane gida yake da nasa, kuma halin nan ne zai sa ka riƙa barci da daddare ko ka fara ziyarar likitan hawan jini tun ba ka kai arba'in ba. Ana iya gane shi tun daga waje, in ka san inda za ka duba.

Ranar intabiyu ka je da wuri, ka zauna, ka zuba ido. Kada ka damu da kyan kujeru da sanyin na'ura. Ka kalli yadda ake yi wa maigadi da masinja da mai shara magana, domin yadda ake kiran na ƙasa haka za a kira ka ranar da ka yi laifi. Na zauna a wani ofis inda da an ji hon ɗin motar oga a bakin get, sai dariya ta ɗauke ɗif, kowa ya janyo fayil ya sunkuyar da kai, mai shan shayi ya tura kofinsa ƙarƙashin tebur. Irin wannan wurin da tsoro ake tafiyar da shi, kuma tsoro ɓoye kuskure yake koya wa mutane. Na ga kashiya da kuɗi kaɗan suka ɓace masa a lissafin yini, maimakon ya faɗa, sai ya riƙa rufe gibin da cinikin gobe, har abin da za a gyara da la'asar ɗaya ya zama maganar ƴansanda. Yaron ba ɓarawo ba ne, tsawa yake gudu. In ka ga alamun nan, ka yi tunani sosai, ko nawa za su ba ka.

Da aka ba ka damar tambaya, kada ka ce ba ka da ita. Ka ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya riƙe kujerar nan kafin ni, ƙarin girma ya samu ko tafiya ya yi?" Ka lura da fuskokinsu kafin amsar ta fito. In cikin shekara biyu mutum uku sun bar kujera ɗaya, matsalar ba daga mutum ukun ba ce. Ka tambayi lokacin tashi na gaskiya, da yadda ake yi da sallar Juma'a. Ke kuma ƴar'uwa, ki duba ko akwai matan aure masu goyo da suka daɗe a wurin. In duk ƴanmata ne sababbi, ki nemi sanin inda na baya suka tafi bayan sun haihu.

Aikin gwamnati ba ya ɓoye halinsa. Komai da matakinsa, daga mataki na 01 zuwa na 17, fayil yana bin tebur-tebur, kuma ba ka tsallake na gaba da kai ko da ka fi shi sani. Akwai kwanciyar hankali: ka san ranar ritayarka, shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Haɗarinsa sanyin jiki ne. Matashi mai kaifin ƙwaƙwalwa yakan shiga da zafinsa, ya ga mai ƙwazo da mai zuwa sa hannu kawai tare ake yi musu ƙarin girma, sai shi ma ya saki. In nan za ka, ka karanta dokokin aikin gwamnati da kanka, ka ajiye kwafin duk takardar da ta shafe ka a gida, ka kuma riƙe wani karatu a gefe.

Banki da kamfanonin sayar da kaya kuwa, taget ne sarki, wato adadin ciniki ko kuɗin da aka ɗora maka ka kawo. Ana koyon aiki da sauri, mai ƙoƙari yana iya hawa da wuri, amma wayarka ba ta hutawa ko ranar Lahadi, abokin zamanka kuma abokin takararka ne. Tambaya ta farko a nan: ma'aikacinsu ne kai, ko na wani kamfani da ke ba su hayar ma'aikata? Mutum biyu suna iya zama a kanta ɗaya da kaya iri ɗaya, albashinsu da haƙƙoƙinsu ba su ko kusa. Sai ka tambayi abin da ke faruwa da wanda bai cika taget ba wata uku a jere. Dogon aiki kuma ba abin alfahari ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako ya fi mai yin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari.

Wanda ya fi wuyar karantawa shi ne wurin Alhaji, wato kasuwancin iyali, kuma yawancin matasanmu a nan suke. Ina da ƙauna ga irin wannan wurin, domin na ga alherinsa. Matarka ta haihu, Alhaji ya sayi rago. Mahaifiyarka ta kwanta asibiti, ya biya ba tare da ka roƙa ba. Azumi ya zo, ga buhun shinkafa da sukari. Babu bankin da zai yi maka haka. Sai dai duk wannan kyauta ce, ba haƙƙi ba, kuma mai kyauta yana iya dainawa. Ba takarda, ba lokacin tashi, yau kana kan littafin ciniki, gobe an aike ka kai yara makaranta. Ɗan Alhaji ya gama jami'a, a wayi gari shi ne shugabanka. Kunya kuma ta hana ka tambayar ƙarin albashi, don kada a ce ka yi butulci.

Ga yadda ake auna ubangida. Ka tambayi maƙwabtan shago, yara nawa ya sallama da jari, kuma ina shagunansu suke? In aka nuna maka su da yatsa a layin nan, ga wane, ga wane, to ka samu wurin zama. In aka ce yaransa sukan yi shekara goma su tafi da rigima, kai ma haka za ta kasance. Maganar albashi da ta sallama a yi ta tun farko, gaban babanka ko yayanka da wani dattijon kasuwa, a rubuta ko a takardar makaranta ce. Mutumin kirki ba ya jin haushin shaida.

Ƙungiyoyin agaji suna biya da kyau, ana sauraron ƙarami a taro, amma aikin yana ƙarewa ranar da kuɗin shirin ya ƙare, don haka ka fara tanadi daga albashin farko.

Ko ina ka zaɓa, ka san abin da doka ta ba ka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, da hutun aƙalla kwana 6 na aiki bayan shekara guda, mai juna biyu kuma mako 12. Manajoji da ƙwararru ba su cika shiga ƙarƙashin wannan dokar ba, takardar kama aikinsu ce madogararsu, saboda haka a karanta ta layi-layi. Mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne tun 2024, amma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. A fansho, dokar 2014 ta ce kai ka ba da kashi 8 cikin ɗari na albashinka, masu wurin aikin su ba da kashi 10. Ka riƙa duba asusunka. Wurin da ake cire maka kuɗin fansho ba a zuba ba, sun riga sun nuna maka ko su wane ne.

In kuwa ka riga ka shiga kuma wurin yana cin ka, kada ka yi fushi ka fita da rana tsaka. Ka tara takardun albashinka da duk wata takardar tuhuma da amsar da ka bayar, ka nemi wani aikin kana kan wannan, sannan ka ba da notis yadda takardarka ta ce. In sun riƙe maka haƙƙi bayan haka, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano, kuma waɗannan takardun ne lauya zai fara tambayarka.