Idan mai korona ya fara alamun zubar jini a ƙwaƙwalwa, ga abin yi

Jama'a da yawa sun ɗauka korona iyakarta tari da sarƙewar numfashi, to ba nan ta tsaya ba, tana taɓa jijiyoyin jini ma, ta kumbura bangonsu na ciki, wani lokaci jini ya daskare ya toshe hanya, wani lokaci kuma jijiyar ta fashe jini ya malale cikin ƙwaƙwalwa. Fashewar ba ta cika faruwa ba gaskiya, toshewar ta fi yawa, amma in ta zo ba ta jira. Mu nan jihar Katsina a Daura aka fara tabbatar da cutar korona, watan Afrilun 2020, kuma har yau ba wai ta ɓace ba ne.

Waɗanda za a fi sa wa ido su ne tsofaffi, masu hawan jini da ciwon suga, sai wanda likita ya ɗora kan maganin tsinka jini irin su warfarin ko heparin.

Alamun kuwa kwatsam suke zuwa. Ciwon kai mai tsanani da mutum bai taɓa jin irinshi ba, amai, baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa na ɓari ɗaya ya saki, ko jijjiga, ko barcin da ana tada shi yana komawa. Ka ce mishi ya yi murmushi, ya ɗaga hannu biyu, ya faɗi sunanshi, in ɗaya ya gagara ka duba agogo ka riƙe lokacin don likita zai tambaya.

Kwantar da shi ta gefe saboda amai kar ya shaƙe shi, a sassauta wuyan riga. Kar a ɗura mishi ruwa ko kunu ko rubutu, haɗiya ba lallai tana aiki ba, sai ya bi ta huhu. Addu'a a yi ta a mota ana tafiya, ban da zaman jiran mai ruƙiyya wai iska ce ta buge shi.

Dan Allah kar a ruga kemis a sayo asfirin. Nan ne mutane ke kuskure, sun ji ana ba masu shanyewar ɓarin jiki, alhali in jini ne ke zuba ƙara tsinka shi za ta yi, kuma ba mai iya bambance toshewa da fashewa da ido ko da likita ne, sai an yi hoton kai na CT. Haka maganin hawan jini, kar a ninka mishi a gida.

A nufi babban asibiti kai tsaye, irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a kwashi duk magungunan da yake sha a leda, a sa takunkumi, kuma tun daga ƙofa a gaya wa ma'aikata yana da korona ko bai daɗe da tashi daga ita ba.