Yadda ake yaƙi da kaciyar mata da kula da waɗanda aka yi wa

Duk wanda ya ƙuduri aniyar wannan aiki ya fara da sanin girman matsalar. A shekarar 2024 UNICEF ta ƙiyasta cewa an yi wa mata fiye da miliyan 230 da ke raye kaciya, alhali ba ta da amfanin komai ga lafiya, sai zubar jini da ciwon fitsari da wahalar haihuwa.

Kada a tunkari jama'a da zagi. A zauna da iyaye da kakanni da masu yin kaciyar kansu, domin shawara a hannunsu take, kuma a ganina faɗakarwar da ta tozarta su ɓata lokaci ce. Ranar 6 ga Fabrairu, wadda duniya ta ware don wannan yaƙi, dama ce ta shirya taro.

Wadda aka riga aka yi wa kuwa, haƙuri take bukata. A haɗa ta da ƙwararriya a ɗaki mai sirri, idan ta sunkuyar da kai ta yi shiru tana murza yatsunta, kada a matsa mata da tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jinya ta hanyar tattaunawa mai gyara tunani ga masu fama da fargaba ko firgita. Wadda aka ɗinke wa gaba kuma a kai ta asibiti a buɗe mata, amma da yardarta.