Lasifikar da ba ta gajiyar da kunne

Jama'a, kada ƙyalƙyalin sauti na minti 5 a shago ya ruɗe ku. Kunne ya fi jin sauti tsakanin kilohaz 2 zuwa 5 (kilohaz ma'aunin siririntar sauti ne), kuma lasifikar da ta ɗaga ƙarar sautin wannan zangon ita ce ke kawo ciwon kai. Ku zauna minti 30, a rage ƙara, ku saurari muryar mace: in harafin "s" na tsirawa kamar allura, ku bar lasifikar. Tuwita (ƙaramin ɓangaren lasifika mai fitar da siraran sautuka) ta yadi, irin ta lasifikar Wharfedale Linton, galibi ta fi taushi, ba ta kuma haɗiye ƙananan sautuka.

Ɗaki ma na da laifi, musamman mai tayil. A shimfiɗa kafet, a rataya labule, a janye lasifika santimita 50 daga bango.