Darasi na 9: Me Ya Sa Mai Hoto Ke Ƙara Wa Hoto Kaifi?

Wata 'yar ajinmu mai sayar da shadda a Kantin Kwari ta kawo kuka. Ta ɗauki hoton kayanta ta tura wa mai saye ta WhatsApp, sai aka ce mata zanen ya yi dishi-dishi. Hannunta bai yi rawa ba, kuma shagon da haske. To, ina matsalar take?

A cikin kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske, cike da miliyoyin ƙananan ɗigo da ake kira fiksel. A yawancin kyamarori kowane ɗigo launi ɗaya yake gani: ja, kore ko shuɗi. Wani ma'aikacin kamfanin kayan hoto na Kodak, Bryce Bayer, ya ƙirƙiro wannan tsari, aka yi masa rajista a 1976. Sauran launuka biyun kyamara kan kintata su ne daga ɗigon da ke kusa, kuma wannan kintace shi ke dusashe gefen abubuwa. WhatsApp ma yakan matse hoto, ya ƙara dusashe shi.

Maganin kamar kwalli yake. Kwalli ba ya ƙara wa ido girma, gefensa kawai yake fitarwa, sai idon ya fito raɗau. Haka manhajar gyaran hoto ke yi idan za ta ƙara wa hoto kaifi: tana bin inda duhu ya haɗu da haske, ta ƙara wa wancan duhu, wannan kuma haske. Nan da nan sai ka ga zaren shadda ɗaya bayan ɗaya. Idan hoton na wankewa ne, masu hoto kan ɗan ƙara, domin tawada tana bazuwa a takarda.

Amma a kula. Hoton da hannu ya girgiza wajen ɗaukarsa, kaifi ba ya gyara shi, sai dai a sake ɗauka. Abin da ya fi damuna shi ne zarcewa. Na ga hoton fasfo na wani dattijo, farin layi ya zagaye hularsa, fuskarsa ta yi kamar an watsa mata yashi, har ya ce ba shi ba ne. Wayar hannu ta riga ta sa nata kaifin, kaɗan ya isa.

Aikin gida: ku ɗauki hoton hular zanna a inuwa, ku buɗe shi a manhajar gyaran hoto ta Snapseed. Ku ƙara kaifi a hankali kuna duban ɗinkin. Da zarar farin layi ya fara bayyana, ku rage. Ku zo da hotunan biyu ranar Asabar.