Yadda za ka binciki kariyar gobara a dogon benen da kake zaune, da wanda doka ta ɗora wa alhaki a Ingila

Ba a gina dogon benen zama da tunanin cewa kowa zai fito a guje idan wuta ta tashi ba. Dabarar ita ce a killace wutar. Kowane fulat an keɓe shi da bango da daɓe masu jure wuta aƙalla awa guda, da ƙofar shiga mai jure wuta minti 30, domin gobarar da ta tashi a kicin ɗin wani ta ƙare a nan, 'yan kwana-kwana su zo su kashe ta kafin ta kai ga maƙwabta. A kan wannan aka gina umarnin da ake ba mazauna cewa su zauna a gidajensu muddin wutar ba a wajensu take ba. Umarnin yana da kyau idan killacewar tana nan daram. Idan ta lalace, umarnin kansa ya zama tarko.

Abin da ya faru ke nan a benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, ranar 14 ga Yuni, 2017. Wuta ta tashi daga firji a hawa na huɗu, ta fita ta taga, ta kama fallayen alminiyam masu cikin roba da aka lulluɓe bangon waje da su, cikin ƙasa da rabin awa ta kai ƙololuwar ginin. A ciki kuma ƙofofi da yawa ba sa rufe kansu, hayaƙi ya cika matakala guda ɗaya tak da ginin yake da ita. An kira 'yan kwana-kwana da ƙarfe 12:54 na dare, amma ba a janye umarnin zama a gida ba sai ƙarfe 2:47. Mutum 72 suka rasu. Mazauna sun yi shekaru suna kai kuka a rubuce kafin wannan dare, kuma yawancin dokokin da za a ambata a ƙasa an yi su ne don kada irin wannan kuka ya sake ɓacewa a teburin wani.

Fara da sanin suna

Dokar Amincin Gine-gine ta 2022 ta ware rukunin gine-gine masu babban haɗari: duk ginin da tsawonsa ya kai mita 18, ko yake da hawa aƙalla bakwai, kuma yana da gidajen zama aƙalla biyu. Irin wannan gini dole ne a yi masa rajista da Hukumar Kula da Amincin Gine-gine, kuma tun Oktoban 2023 laifi ne a bar mutane a cikinsa ba rajista. Rajistar a buɗe take ga kowa a shafin gwamnati, da lambar gidan waya ta unguwa ake nema.

Dokar ta ce wanda ya mallaki sassan da kowa ke amfani da su, wato matakala, korido da harabar shiga, ko wanda gyaransu ke wuyansa, shi ne mai alhaki. Idan sun fi ɗaya, wanda ke da alhakin gangar jikin ginin da bangon waje shi ne babban mai alhaki. Yana iya ɗaukar kamfanin kula da gidaje ya yi masa aiki, amma ba zai iya miƙa masa laifi ba. Akwai kuma tsohuwar dokar kariyar gobara ta 2005, wadda ita ma take da nata mutumin da take kamawa. Sau da yawa hukuma ɗaya ce ke riƙe da matsayin biyu, wani lokaci kuwa daban ne. Rubuta wa masu kula da ginin ka nemi sunayen biyu da adireshinsu. Idan suka kasa ba ka amsa kai tsaye, wannan kansa alama ce ta yadda ake tafiyar da ginin.

Takardar da ta fi kowace muhimmanci

Nemi rahoton tantance haɗarin gobara. Kada ka tsaya a shafin farko inda aka rubuta cewa haɗarin matsakaici ne. Wuce zuwa jadawalin gyare-gyare na ƙarshe, ka duba abu uku: me aka ce a gyara, yaushe aka ce a gama, wa aka ɗora wa. Sannan ka nemi rahoton da ya gabace shi ka kwatanta. Aibin da ya fito a rahoto biyu a jere ba a taɓa shi ba, shi ne hujjarka mafi ƙarfi, domin yana nuna an sani aka ƙyale.

Duba kuma wane irin bincike aka yi, don kashi huɗu ne. Na ɗaya duba ne da ido a sassan kowa da kowa. Na biyu ana buɗe bango da silin a waɗannan sassa. Na uku ana shiga wasu gidaje a duba da ido, na huɗu kuma ana buɗe bango har cikin gidajen. Yawancin gine-gine na ɗaya kaɗai ake musu, alhali ɓarnar da ke kashe mutane a ɓoye take. Ginin da aka yi wa babban gyara, aka ja sabbin bututun gas ko wayoyin intanet, ya cancanci a buɗe a gani.

Ƙofarka

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin ita ce kariyar da ke hannunka kullum. Ƙofar fulat yawanci nau'in FD30S ce, wato minti 30 na jure wuta tare da tare hayaƙi. Akan sami tambari ko ɗan alama mai launi a saman ganyen ƙofar ko a gefensa.

Buɗe ta rabi ka sake. Dole ta koma da kanta har harshen makulli ya shige, ba tare da ka tura ba. Sake gwadawa daga 'yar buɗewa kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, domin a nan ne na'urar rufe ƙofa da ta gaji take gazawa. Dalilin wannan gwaji shi ne, mai gudun wuta ba ya tsayawa rufe ƙofa. Idan ta tsaya a buɗe, hayaƙi zai cika korido cikin 'yan mintoci ya datse wa duk mutanen hawan hanya. Mutane kan cire na'urar saboda ta yi wa tsoho ko mai keken guragu nauyi. Maganin wannan shi ne a daidaita ƙarfinta ko a sa irin wadda ke sakin ƙofa sai ƙararrawa ta kaɗa.

Tazarar da ke tsakanin ganyen ƙofa da firam, sama da gefe biyu, ta kasance milimita 2 zuwa 4. Kaurin kwabon fam ɗaya ya kusa milimita 3, don haka idan ya shige yana lilo, tazarar ta yi yawa. A kewayen ƙofar ko firam ɗin akwai wani siririn zare da ke kumbura idan ya ji zafi ya toshe tazarar, da buroshi ko roba mai tare hayaƙi. Kada ya yanke, kada ya ɓamɓare, kada a shafe buroshin da fenti. Hinji uku ne, kowanne da cikakkun kusoshinsa. Duk hudar da aka yi daga baya, ta ƙarin makulli, ta akwatin wasiƙa marar kariya ko ta shigar kyanwa, ta rage wa ƙofar daraja. Kada kuma ka yarda da tambari shi kaɗai: wata ƙofar Grenfell da aka gwada bayan gobarar ta gaza cikin kusan minti 15, rabin abin da aka yi alkawari.

Tun 23 ga Janairu, 2023, a ginin da ya wuce mita 11, dole a duba ƙofofin wuta na sassan kowa duk wata uku, a kuma yi iya ƙoƙari a duba ƙofofin fulat sau ɗaya a shekara. Idan masu dubawa sun zo, ka buɗe musu.

Sauka ta matakala

Sau ɗaya a wata ka bar lif ka sauko da ƙafa. Ƙofar matakala da aka tokare a buɗe, katifa ko keken yara a korido, kwandon shara a bakin mafita, duk abin kai rahoto ne a ranar. Keken lantarki da ake caji a korido ya fi su duka haɗari, domin batirin litiyam idan ya kama yana tashi ne farat ɗaya da hayaƙi mai guba, a daidai hanyar da kowa zai bi.

Idan ka tarar da ɗakin da bututu da wayoyi ke bi daga hawa zuwa hawa a buɗe, leƙa inda suka huda daɓe. Ramin ya kasance a toshe da abin toshiya mai jure wuta, bututun roba kuma da ƙawanyar da ke kumbura ta matse shi idan ya narke. Kumfar gini da aka fesa a babban rami ba ta wadatar. Ganin hasken hawan ƙasa ta cikin ramin yana nufin hayaƙi ma zai bi nan.

A gini mai mita 18 ko hawa bakwai, doka ta wajabta lambar hawa da lambobin gidaje da ake iya gani cikin duhu, da akwati mai makulli da ke ɗauke da taswirar ginin don 'yan kwana-kwana, da duba lif ɗinsu da sauran muhimman kayan aikinsu duk wata. Abin da ya lalace kuma ba za a iya gyara shi cikin awa 24 ba, dole a sanar da hukumar kashe gobara. Bututun da 'yan kwana-kwana suke tura ruwa sama ta cikinsa ana duba shi duk wata shida, a gwada shi da matsin ruwa sau ɗaya a shekara. Fitilun gaggawa gwajin wata-wata ne, da cikakken gwajin awa uku a shekara. Kowane gwaji yana da kwanan wata da sa hannu, kuma za ka iya neman gani.

Bangon waje

Wannan ba abin da ido ke ganewa ba ne. Tun Disambar 2018 an haramta kayan da ke cin wuta a bangon wajen sabbin benayen zama da suka wuce mita 18, sai masu daraja A1 ko A2-s1,d0, wato manyan matakan rashin cin wuta. Tsofaffin gine-gine kuwa ana tantance su bisa PAS 9980, ƙa'idar auna haɗarin gobara a bangon waje. Tambaya uku za ka yi: da me aka yi fallayen, mene ne abin tare sanyi da ke bayansu, kuma akwai shingayen da ke datse sararin da ke tsakanin fallen da bango a kowane hawa da kewayen tagogi? Sararin nan, idan ba shinge, shi ke zuƙar wuta sama. Takardar EWS1 da bankuna ke nema don bashin sayen gida ba shaidar cewa ginin duka lafiya yake ba ce.

Idan aka gano bangon yana da haɗari, yawanci ana sauya tsari zuwa fitar kowa lokaci guda, a sa masu sintiri dare da rana ko ƙararrawar gama-gari har a yi gyara. Tabbatar ka san wane tsari gininka yake kai yanzu. Idan akwai wanda ba zai iya sauka matakala shi kaɗai ba a gidanka, sanar da masu alhaki a rubuce ka nemi a tsara yadda za a fitar da shi.

Idan an ƙi gyara

Rubuta koke da kwanan wata, hoto, da takamaiman wuri: hawa na tara, ƙofar matakalar arewa ba ta rufuwa. Babban mai alhaki dole ya kasance da tsarin karɓar koke. Idan amsarsa ba ta gamsar ba, kai maganar ga Hukumar Kula da Amincin Gine-gine. Haɗarin da ba ya jira kuwa, kamar mafita a kulle, hukumar kashe gobara ta yankin za ka kira. Tana da ikon ba da umarnin gyara, ko hana amfani da wani sashen ginin, kuma saɓa wa dokar 2005 na iya kai wa ga tara marar iyaka ko ɗaurin shekara biyu. Koken mazauna goma da suka sa hannu tare ya fi wuyar turewa gefe.

Game da kuɗi, a ginin da ya kai mita 11 ko hawa biyar, mai fulat da ya cika sharuɗɗan dokar 2022 ba ya biyan kuɗin cire fallaye masu haɗari. Sauran tsofaffin aibobi kuma an ƙayyade abin da za a iya karɓa daga gare shi, yawanci fam 10,000, ko 15,000 a Landan. Wa'adin kai ƙarar wanda ya yi ginin banza an tsawaita shi zuwa shekara 30 ga ayyukan da aka gama kafin dokar, 15 ga na bayanta. Kafin ka biya duk wata takardar kuɗin gyaran gobara da aka turo maka, nemi takardar shaidar mai ginin da ke nuna ko yana da alaƙa da kamfanin da ya gina shi, domin idan yana da ita, shi ne zai biya kuɗin.