Bangon Faifai da Fasta: Inda Ɗalibai Suka Fi Yin Tuntuɓe

A nan Sakkwato, ɗalibai kan shafe wata biyu ko uku suna naɗar sauti, suna bin mawaƙi har Mabera ko makaɗin gargajiya har Wurno, suna tace murya zuwa tsakar dare, amma bangon da za a saka aikin a ciki sai ana gobe miƙawa ake tuna shi. Nan sai a ɗora wa wanda ya ɗan iya manhajar zane irin su Canva ko PixelLab a cikin rukunin, a ce ya haɗa wani abu kafin asuba. Ko kai ɗalibin aikin jarida ne a Kwalejin Umaru Ali Shinkafi, ko ɗan ƙungiyar 'yan jaridar makaranta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, in dai za ku fitar da kundin waƙoƙi, ko shirin rediyo, ko fim na gaskiya, bangon ne malami da mai sauraro za su fara gani. Kuma kusan duk ɓarnar da ake yi tushenta ɗaya: ana tsara zanen don fuskar kwamfutar mai zane, alhali a kan takarda da cikin ƙaramar waya za a kalle shi.

Saboda haka kafin a zana komai, a fara taka wa wajen mai bugawa. A gaishe shi, a tambaye shi: "Malam, wane irin fayil kake karɓa? Wace takarda gare ka, kuma injinka har wane girma yake ɗauka?" Yawancin shagunan bugu a nan da manhajar zane ta CorelDraw suke aiki, kuma fayil ɗin da aka ajiye da sabon zubinsa ba ya buɗuwa a tsohon zubi. Mafita ita ce a kai masa PDF. Wanda ya zana bai yi wannan tambaya ba, tela ne da ya yanka yadi bai auna mai riga ba.

Awon kansa ba a ƙiyasta shi da ido. Takardar gaba ta gidan CD milimita 120 ce kowane gefe. Ta baya kusan 150 ce a faɗi, 118 a tsawo, kuma cikin faɗin nan akwai 'yan siraran gefuna biyu na kusan milimita 6 da ake lanƙwasawa, inda sunan kundin ke fitowa idan an jera faifai a kanta. Ɗalibai da yawa ba su san da gefunan nan ba, sai jerin waƙoƙi ya malala ciki ya karye. Gidan DVD kuwa takarda ɗaya ce mai kusan 273 da 183, da ƙashin baya na milimita 14 a tsakiya. Bangon gaba yana dama, na baya yana hagu. Shi kuma faifan, faɗinsa 120 ne da rami na milimita 15 a tsakiya. Duk wanda ya saita fuskar mawaƙi a tsakiyar da'irar, to ramin a hancinsa zai faɗo.

Sai batun yanka. Injin yankan takarda ba ya bin layi cif-cif, yakan goce kaɗan. Idan launin bango ya tsaya daidai bakin awo, za a ga farin layi a gefe ɗaya bayan an yanka. A bar launi da hoto su zarce awon da milimita 3 ta kowane gefe, rubutu kuma a ja shi ciki da aƙalla 3 zuwa 5, don kada wuƙa ta ci harafin farko na sunan malamin da ke duba aikin.

Abin da ya fi kashe bango a wajenmu shi ne WhatsApp. An ɗauki hoto mai kyau da waya mai kyau, sai mai hoton ya tura wa shugaban rukuni, shi kuma ya tura zauren rukuni, mai zane ya sauke daga can, wani lokaci ma ɗaukar hoton fuskar waya yake yi. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi idan aka tura shi a matsayin hoto. A waya ba ka ganin bambanci, sai an buga fuskar mutum ta fito dishi-dishi. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato bangon CD kaɗai yana bukatar hoton da ya kai kusan fiksel (ɗigon hoto) 1,500 kowane gefe idan an haɗa da rarar yanka, fastar A3 kuwa kusan 3,500 da 5,000. A karɓi hoton asali daga wayar da ta ɗauka ta kebul, ko ta Xender, ko a tura shi ta WhatsApp ɗin amma a matsayin fayil. Kuma ja da kusurwar ƙaramin hoto har ya cika shafi ba ya ƙara masa komai sai muni. Haka nan zanen da aka gama: kada a tura wa mai bugawa shi a matsayin hoto, a ba shi a filasha ko a matsayin fayil.

Launi ma yana yaudara. Fuskar waya haske take fitarwa, da ja da kore da shuɗi take haɗa launinta, shi ne RGB. Injin bugu kuwa tawada huɗu yake zubawa, CMYK, kuma takarda ba ta da haske nata. Kore mai walƙiya da shuɗi mai kaifi da kuka gani a allo za su dusashe, shuɗin ma yakan karkata zuwa shunayya. Abin da ya fi damuna shi ne fuska. Fatarmu baƙa ce, bugu kuma yakan ƙara wa wurare masu duhu duhu, sai ka ga mawaƙi sanye da farar shadda, rigar ta fito tas, fuskar ta zama inuwa, ido da haƙori kaɗai ake gani. Gyaran ba shi ne a wanke mutum da manhaja har ya koma wani jinsi ba, wanda shi ma ya zama yayi. A ɗauki hoton da hantsi ko bayan La'asar, a inuwa mai haske, ba tsakar ranar Sakkwato da ke ƙone farin kaya ba, sannan a ɗan ɗaga hasken wuraren duhu kafin bugu. Ƙananan rubutu a yi su da baƙar tawada zalla. Idan baƙin ya haɗu da sauran launuka uku, da injin ya goce kaɗan sai haruffa su yi inuwa. Siririn farin rubutu a kan baƙin bango kuma yakan cike, a ba shi kauri.

Yanzu ga wanda ya shafe mu mu kaɗai: ƙ, ɗ da ɓ. Yawancin salon haruffa masu ado da ake saukewa kyauta ba su da su. Abu uku ke faruwa. Ko dai wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko manhajar ta aro shi daga wani salo sai ya tsaya daban a tsakiyar kalma, ko mai zane ya gaji ya cire ƙugiyar gaba ɗaya. Na ukun ya fi yawa, kuma abin kunya ne a aikin da za a kai gaban malamai a ce Waƙoƙin Ƙasa ya koma ba ƙugiya ko ɗaya. Kafin ka ƙaunaci wani salo, rubuta ƙ ɗ ɓ da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ ka gani. Noto Sans, Charis SIL, Andika da Gentium duk suna da su, kuma kyauta ne. Idan take ya nace sai mai ado, a iya zana ƙugiyar da hannu a CorelDraw, amma a yi ta da kaurin harafin. In an gama, a mayar da rubutun duka zuwa zane kafin a fitar da fayil, domin idan kwamfutar mai bugawa ba ta da salon da ka yi amfani da shi, za ta musanya shi da wani ba tare da ta yi shawara da kowa ba. A ajiye wani kwafin da ba a mayar ba, saboda gyara.

Masu son saka ajami ko Larabci su ƙara kula. Wasu manhajojin zane suna raba haruffan su jera su daga hagu zuwa dama, kuma mai zanen da bai yi allo sosai ba ba zai lura ba. A garin Shehu wannan ba ya wucewa, yaro ɗan makarantar allo ma zai gano. A kai wa wanda ya iya ya karanta. Aya da sunan Allah kuwa, ni shawarata a bar su daga fasta da takardun rabawa. Bayan taro ƙasa suke faɗuwa, a taka su, wasu a ƙunsa ƙosai a ciki.

Haka batun karin harshe. Idan waƙoƙin da Sakkwatanci aka rera su, ba laifi a rubuta takensu yadda aka furta, hakan ma ya fi daɗi. Laifin shi ne a rubuta hwari a gaba, fari a baya, wani abu dabam a fasta. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Sai cunkoso, wanda ba na kwamfuta ba ne, na zumunci ne. Rukuni na da mutum goma sha biyu, kowa ya ba da kuɗi, kowa na son fuskarsa a gaba. Ga tambarin makaranta, ga na sashe, ga hoton shugaban sashe, ga lambar waya uku, ga salon rubutu biyar. Ku tuna a manhajojin sauraron waƙa irin su Audiomack ko Boomplay bangon nan bai fi babban yatsa girma ba a cikin jeri. Ku rage zanen zuwa wannan girman a waya, ku miƙa wa wani: idan bai karanta take ba cikin kallo ɗaya, an cika kaya. Gaba na hoto ɗaya ne da take da sunan mai aikin, salon rubutu biyu ya isa. Sunayen 'yan rukuni, lambobin rajista, malamin da ya duba da godiya, duk wurinsu baya ne ko cikin ɗan littafin. Wanda ya ji haushi a nuna masa ƙaramin hoton ya nemo fuskarsa. Akwai kuma dalili na ƙa'ida: kamfanonin da ke kai waƙa Spotify da Apple Music suna mayar da bangon da ke ɗauke da lambar waya, adireshin intanet, farashi ko tambarin Facebook da Instagram. Abin da aka fi nema shi ne murabba'i mai fiksel 3,000 kowane gefe, JPG ko PNG, a RGB, kuma sunan da ke kan bango ya dace da wanda aka cike a fom. Wato fayil biyu za ku fitar, na bugu da na intanet.

Game da hoton kansa, na gaji da ganin makirufo na zinare da aka ɗauko daga Google, da raƙumi a kan yashin da ba namu ba. Ba kuma dole ba ne duk abin da ya fito daga Sakkwato ya ɗauki ƙofar fadar Sarkin Musulmi ko Hubbaren Shehu, musamman idan waƙoƙin soyayya ne a ciki. Akwai wuraren da darajarsu ta fi a yi ado da su. Idan shirin kan masunta ne, ku je Kwalkwalawa ku ɗauki taru da kwale-kwale. Idan kiɗan gargajiya ne, hannun makaɗi a kan kotso ko kalangu ya fi komai faɗin abin da ke ciki. Zanen dukawa a kan jar fata ma ya isa ya riƙe bango shi kaɗai. Hoton da kuka ɗauka naku ne, na intanet kuwa yana da mai shi, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare hoto da zane kamar yadda ta kare waƙa. Mutanen da kuka ɗauka ma a nemi yardarsu, a gaya musu a fili cewa fuskarsu za ta hau fasta da intanet. Yaro a tambayi iyayensa ko malaminsa, ba a ba shi naira ɗari a ɗauka ba. Tambarin makaranta kuma sai da izinin sashe.

Fasta ba bangon da aka ja ya yi tsawo ba ce. Ana ganin wannan da yawa, fuskar mutum ta miƙe ko ta baje. Kowane wuri da awonsa: A3 milimita 297 da 420, sitatus na WhatsApp fiksel 1080 da 1920, hoton gaban YouTube 1280 da 720. A sake jera kayan a kowanne, amma launi da salon rubutu da babban hoto su zama iri ɗaya, don wanda ya ga fastar a bakin ƙofar makaranta ya gane abin idan ya ci karo da shi a waya. Mai wucewa a kan kabu-kabu abu uku kawai zai iya ɗauka: mene ne, ina, yaushe. A duba kalanda a tabbatar ranar mako ta dace da kwanan wata, a kuma lura kada lokacin ya hau kan salla. Idan an saka lambar QR, wato murabba'in nan da ake haskawa da kyamarar waya, kada ta gaza santimita 2 a bango, ta fi haka sosai a fasta, a bar mata farin fili kewaye, a gwada ta da waya mai araha. Fastar da za ta kwana biyu a waje kuwa, ranar Afrilu da ƙurar hunturu ba sa barin takarda. Ko a yi mata leda, ko a buga ta a kan roba.

Kafin a biya kuɗin kwafi hamsin, a buga ɗaya tak. A yanka shi, a saka shi cikin gidan faifan na gaske, a fita da shi waje a duba launi da hasken rana. A kunna faifan ana bin jerin da ke baya, domin sau da yawa an sauya tsarin waƙoƙi a situdiyo an manta ba a gaya wa mai zane ba. Sannan a ba wani da ba ya cikin rukunin ya karanta kowane suna da ƙarfi, har da muƙamin malamai: Dakta ne ko Farfesa, Muhammad yake rubutawa ko Muhammadu. Idan ya gama, shugaban rukuni ya sa hannu a bayan kwafin, a bar wa mai bugawa shi, a ce da wannan za a gwada sauran.